Alƙalin Gidan Ruwa

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da gwiwar nan taka da ba ta jin magani. Mu ma nan lafiya lau.

Na kira ka a waya ka ce in rubuto, wai maganar aiki idan ba a takarda take ba hira ce. To ga takardar, tsoho. Direban ofis zai ajiye maka ita idan ya bi ta unguwarku, ka ba shi amsa a hanyar dawowa.

An kawo mana sabon manaja. Ba shi da mugunta, amma so yake ya zauna a babban ofis ya ga kowane gidan ruwa a kan allo: nawa ke cikin tanki, wane inji ke aiki, wanne ya huta. Duk tashoshi sun miƙa wuya sai tamu. Kwamfutar da ka bari a ɗakin sarrafawa, wadda manhajarka ke tada injuna da kashe su tun kafin a haife ni, ba ta magana da kowa. Manajan ya ce idan masu duba aiki suka zo ƙarshen wata ba ta fara aika rahoto ba, za a cire ta da manhajar gaba ɗaya, a kafa akwatin 'yan kwangila. Na ce a ba ni dama. Ban gaya masa jikar wa nake ba, amma tsofaffin ma'aikata sun riga ni.

Na san ka fi ni sanin abin da zan faɗa, amma kai ka koya min in ɗauko matsala tun daga tushe. Manhajar ba ta da laifi. Matsalar tana cikin yaren kwamfutar da ka rubuta ta da shi. Yaren ba ya zuwa a shirye, gina shi ake a kan kwamfutar da zai zauna, kuma kafin gini akwai matakin saiti, inda yake tambayar kwamfutar abin da take da shi. Na ɗauko 'yar uwarta da ka ajiye a sito don ranar ɓacin rana, na kakkaɓe mata ƙura, na kunna, na sa saitin. Yana ta jero tambayoyi yana samun “akwai”, har ya zo kan soket, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata kwamfuta a kan netwok. Nan ya ce “babu”. Na maimaita har na gaji, amsar ba ta sauya ba, alhali ga ramin wayar netwok nan a bayan kwamfutar, na gan shi da idona.

Me ya sa yake cewa babu? Ba na son a fitar da aikinka a baro kamar tsohon ƙarfe. Ka taimaka, kada ka ja min rai.

Ka gaida Gwaggo. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Jikarka.

Zuwa ga 'Yar Gardama,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni lafiya, kuma na gode wa Allah da ya nuna min ranar da kika cika shafi guda ba ki ce “ai ba haka ba ne” ba. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, babu wanda ya sallama wa wani.

Kin tambayi dalilin da ya sa saiti ke cewa babu. Ni ne dalilin. Ba mantuwa ba ce, ba kuma kuskure ba. Da na zo gina yaren, duk abin da injin ruwa bai buƙata na ce a bar shi a waje: zane-zane, sauti, soket, duka. Tsarina ke nan a aiki, abin da ban gina ba ba zai taɓa kawo min matsala ba. Kwamfutar nan ta girme ki. Manajoji nawa suka zo suka wuce, babu wanda ya taɓa ba ta umarni daga kan kujera mai juyawa. Mai son sanin halin da ruwa ke ciki ya tako da ƙafarsa, ya ji ƙarar injuna, ya ɗora hannu a jikin bututu.

Saboda haka ba zan gaya miki yadda ake buɗewa ba. Ban rufe ƙofa don in zo da tsufana in nuna inda makulli yake ba.

Sai dai na ji haushi da kika ce kin maimaita har kin gaji. Wa ya koya miki maimaita abu ɗaya kina jiran sabuwar amsa? Saitin yana da fayil ɗin da yake ajiye amsoshin da ya taɓa samu, don kada ya sake wahalar tambaya. Ba kwamfutar yake tambaya ba, tsohuwar amsata yake karanto miki. Sannan ko kin goge wannan, irin wannan kwamfutar ba ta haɗa kayan soket da sauran kayanta wuri ɗaya, a wani laburare daban take ajiye su, wato ma'ajiyar kayan manhaja, kuma saitin ba zai leƙa can ba sai an ambata masa sunansa. Kada ki ɗauki wannan a matsayin taimako. Gyaran tarbiyya ne.

Abu ɗaya nake ja miki kunne a kai. A cikin manhajar akwai sashen da na sa wa suna Alƙali. Shi ke yanke wane inji zai tashi, wanne zai jira, da tsawon jiran. Shekarar da babban bututu ya fashe saboda an tada injuna biyu tare, rabin gari ya koma yawo da jarka, na zauna na rubuta kowane hali da injunan za su iya shiga, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hukuncinsa. Tun daga lokacin bututu bai sake fashewa ba. A duk abin da hannuna ya taɓa yi, babu wanda ya kai shi. Ki taɓa abin da kika ga dama, ban da Alƙali.

Ki gaida tsofaffin ma'aikata, ki ce musu har yanzu ina sane da masu barci a kan benci. Allah ya yi miki albarka, ya rage miki taurin kai.

Kakanki.

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da rashin taimakon da ka yi min. Allah ya ƙaro irinsa.

Na goge fayil ɗin tsofaffin amsoshi, na ambata wa saitin laburaren, na sake kunna shi. Da ya zo kan soket ya ɗan yi jim, sai ga “akwai” a kan allo. Kaka, tashi na yi tsaye ni kaɗai a sito, ban san me zan yi da hannuwana ba. Shugaban ma'aikatan safe ya leƙo ya ce, “Lafiya, injiniya?” Na ce lafiya lau, kwamfuta ce ta amsa gaskiya. Ya girgiza kai ya ce, “Jini ba ya ƙarya. Haka tsohon yake yi, ya yi ta magana da allo.” Na ji daɗin maganar fiye da yadda na nuna masa.

Gini ya kammala ba tare da ƙorafi ba. Kuma don hankalinka ya kwanta, ɓangaren aikawa kawai na bari, na cire wanda ke jiran kira daga waje. Manaja zai gani, amma ba zai taɓa ko inji ɗaya daga kujerarsa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yaren da aka gina da soket ya fi naka ƙiba. Da na ɗora manhajarka a kansa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika maƙil, ta ɗan yi aiki ta tsaya cak. Na zaga duk masu sayar da tsofaffin kayan kwamfuta neman ƙarin ƙwaƙwalwa. Ɗaya ya juya samfurin a hannunsa ya tambaye ni ko daga gidan tarihi na ɗauko. Na dawo kan saitin ina neman abin da zan rage, sai na tarar ka riga ka aske shi ƙwal, ba ka bar min ko gashi ɗaya ba. Ɗan abin da na samu na cire bai kai ko rabin wurin da ake buƙata ba.

Na auna kowane sashe na manhajar. Alƙali shi kaɗai ya cinye wuri fiye da sauran duka a haɗe. Ban taɓa shi ba. Faɗa maka kawai nake yi, don ka san inda muka tsaya.

Ka huta lafiya. Ka gaida Gwaggo.

Jikarka.

'Yar Gardama,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Na gane inda takardarki ta nufa tun kafin in kai ƙarshenta. Amsata a'a.

Idan soket da Alƙali ba za su zauna a ɗaki ɗaya ba, baƙon ne zai fita, ba mai gida ba. Idan kuwa manajanku ya nace, ku bar shi ya cire kwamfutar. Na fi son a fitar da ita cikakkiya, a ce ta yi zamaninta ba ta taɓa ba da kunya ba, da a datse mata ƙafa don ta samu shiga ɗakin baƙi. Ku 'yan yanzu kun iya rage abu kafin ku san dalilin da ya sa aka yi shi da girma.

Kada ki sake rubuto min a kan wannan magana.

Allah ya tsare.

Kakanki.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya? Ni ce Gwaggonki. Na tare direban nan a bakin ƙofa na ba shi wannan, Baba bai sani ba, ke ma kada ki nuna kin sani.

Ni ban san me ke tsakaninku ba, ke da kakanki, kuma ko an yi min bayani ba ganewa zan yi ba. Abin da na sani shi ne tun da takardarki ta ƙarshe ta zo gidan nan ba a zauna lafiya ba. Ya kwashe kwanuka daga teburin cin abinci ya baje takardu. Tun safe yake zama, ya rubuta layuka, ya soke, ya sake rubutawa, ya yaga. Kwandon shara na cika shi ma yana cika yana batsewa. Na ce, “Baba, me kake yi haka?” Ya ce, “Ina rage wa wani mutum ƙiba ne, ya ƙi raguwa.” Na ce wane mutum? Ya ce in je in duba tukunyata.

Jiya na shigo na same shi ya cire tabarau ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce min, “A da ina ganin abin gaba ɗaya a kaina. Yanzu in na kama wutsiya sai kai ya kuɓuce.” Ban taɓa jin ya yi irin wannan magana ba, 'yata. Mutumin da ko hanya ya ɓata sai ya ce hanyar ce ta sauya.

Amma ki zo ki gan shi da yamma a kan benci wajen abokansa. Can wani mutum ne daban. Ya ishi kowa da labarinki. Wai jikarsa ta sa kwamfutar da ta yi shekaru bebiya ta buɗe baki, wai duk ofishin babu mai kanki. Abokinsa tela ya ce masa, “To ba kai ka ce ta ɓata maka aiki ba?” Ya ce, “Ta ɓata ɗin, amma kai ko ɓatawar za ka iya?”

Kin san shi. Duk wanda ya buɗe famfo a gabansa sai ya ji cewa ruwan ta hannunsa ya biyo. Tun rasuwar kakarki, wannan kwamfutar ce abin da ya rage masa yana tashi da shi kullum. Yana cewa a cire ta ne don bakinsa ya saba da girman kai. Ranar da aka cire ta da gaske ban san wane Baba za a bar min a gida ba.

Ba na ce ki saɓa masa ba. Ban kuma ce kada ki saɓa masa ba. Ke ce injiniya.

Ki ci abinci, na ji an ce kin rame. Allah ya dafa miki.

Gwaggonki.

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Ka ce kada in sake rubuto maka a kan wannan magana. Ka kuma ce kada in taɓa Alƙali. Na karya duka biyun, kuma gara ka ji daga bakina.

Ka ce mun iya rage abu kafin mu san dalilin girmansa. Maganar ta yi min zafi, don haka na zauna na karanta Alƙali daga farko har ƙarshe, hali bayan hali. Ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Babu yanayin da ka manta, har wanda sai wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauya inji zai faru. Ina cikin karantawa na fara iya faɗin hukuncinka kafin in kai gare shi. Daga nan na gane cewa duk dogon jerin nan daga 'yan ƙa'idoji kaɗan ya fito, waɗanda ke cikin kanka lokacin da kake rubutu: kada manyan injuna biyu su tashi tare, a bar ruwa ya natsu bayan kowace tsayawa, wanda ya fi hutawa shi ke fara tashi. Kai ka rubuta hukunce-hukuncen. Ni ƙa'idojin na rubuta, na bar kwamfuta ta fitar da hukuncin da kanta. Nawa bai cika shafi biyu ba.

Na ɗora shi a kwamfutar sito tare da yaren mai soket. Ya zauna, har da sauran wuri. Na jona waya, na aika rahoton gwaji, manaja ya kira ni ya ce ga tasharmu a kan allonsa. Ya tambaya ko an gama ke nan, na ce masa saura sa hannun mutum ɗaya.

Sannan na gurfanar da alƙalan biyu, naka da nawa, na ba su kowane hali da ka lissafa. Hukuncinsu ya zo ɗaya a ko'ina sai wuri guda. Idan babban inji ya tsaya, kuma injin jikin bango ne zai karɓe shi, naka yana jira sosai fiye da yadda ƙa'ida ta nema. Na duba zanen bututu, na tambayi tsofaffin ma'aikata, babu wanda ya san dalili. Ban yarda kuskure ba ne, don ban san ka da shi ba.

Ga nawa na buga a takarda na haɗo maka. Kwamfutar ɗakin sarrafawa tana nan yadda ka bar ta, ko harafi ban sauya ba. Alƙalan biyu ba za su zauna tare a cikinta ba, kafin nawa ya shiga sai an goge naka. Ba zan yi wannan da hannuna ba sai da izininka. Idan ka ce a'a, zan gaya wa manaja na kasa, in tsaya in ga an fitar da ita cikakkiya kamar yadda ka so. Zan ji kunya a ofis, amma kunyar ofis ba ta kashe kowa.

Masu duba aiki suna tafe farkon mako. Direban zai jira amsarka.

Ina alfahari da aikinka, Kaka, shi ya sa na kasa barin sa ya mutu salin alin. Ka yafe min.

Jikarka.

Zuwa ga Injiniya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya.

A ƙarƙashin injin jikin bango bututun ya lanƙwasa, don magina sun ci karo da dutse suka kewaye shi ba su sauya zane ba. Ruwan da ya koma baya yana daɗewa kafin ya natsu a wurin. Ki ƙara wa naki layi ɗaya, ki bar jiran yadda na sa shi. Da kin zubar da wannan ba tare da tambaya ba, da na ce a kore ki.

Sauran na karanta shi da jan biro a hannu, ina neman inda zan kama ki. Na sake karantawa. Biron bai taɓa takarda ba. Abin da na yi ta ƙoƙarin faɗa a shafuka masu yawa, kin faɗe shi a biyu. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na kuma ji alfaharin da ban taɓa ji a kan aikin hannuna ba.

Ki goge nawa. Kada ki raɓa shi a gefe don tausayina, na san kwamfutar nan, babu wurin mu biyu.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki.